Nisa da Nadama: Tarken Saɓanin Robert Bly da James Dickey a kan Waƙar "The Firebombing"

1.0 Gabatarwa

A farkon shekarar 1967, lokacin da jiragen yaƙin Amurka suka shiga shekara ta uku suna yi wa Biyetnam ta Arewa ruwan bama-bamai, mawaƙin nan na Amurka Robert Bly ya buga wata maƙala a mujallarsa mai suna The Sixties, inda ya yi wa takwaransa James Dickey kaca-kaca. Taken maƙalar ma kansa hukunci ne, domin ya kira ta "The Collapse of James Dickey", wato durƙushewar James Dickey. Littafin da Bly ya tarke shi ne Buckdancer's Choice, diwanin da Dickey ya fitar a 1965, wanda ya ci babbar kyautar adabi ta ƙasar, National Book Award, a 1966. Daga cikin waƙoƙin da suka fi shan sara a hannun Bly akwai wadda ta buɗe diwanin, "The Firebombing", wadda za a iya kira da Hausa waƙar ruwan wuta. Abin da ya ƙara wa maƙalar ɗaci shi ne, shekaru uku kafin nan, a cikin wannan mujalla dai, Bly ya yaba wa waƙoƙin Dickey na farko.

Manufar wannan maƙala ita ce sake duba wannan saɓani ta fuskar tarken adabi. Tambayar da ke ƙarƙashinsa ta wuce mutanen biyu: idan waƙa ta kawo muryar wanda ya aikata ɓarna, ta kuma bar shi ba tare da nadama ba, shin goyon bayan ɓarnar take yi? Kuma mai adawa da yaƙi, wanda ya yi imani cewa rayuka na salwanta a daidai lokacin da yake rubutu, iyakar ina gaggawar al'amarin ta ba shi damar matsa wa matani lamba? Ra'ayin da za a kare a nan shi ne Bly ya yi gaskiya game da yaƙin, ya yi kuskure wajen karanta waƙar, sai dai kuskuren nasa bai kai girman da magoya bayan Dickey suke ba shi ba.

2.0 Ƙone Birane da Waɗanda Suka Ƙi Yarda

Ba za a fahimci waƙar ba sai an san irin yaƙin da take magana a kai. A daren 9 ga Maris 1945, wayewar 10 ga wata, jiragen B-29 kusan 300 a ƙarƙashin Janar Curtis LeMay suka yi ƙasa-ƙasa a kan Tokyo suka zuba bama-baman da aka cika da nafam, wato man fetur da aka kaurara har ya zama kamar kunu, mai manne wa duk abin da ya taɓa yana ci. An haɗa wannan sinadari ne a Jami'ar Harvard a 1942. Unguwannin da aka nufa na talakawa ne, gidajensu na katako da takarda. Kimanin mutum 100,000 suka mutu a dare ɗaya. Kafin yaƙin ya ƙare an yi wa biranen Japan fiye da 60 irin wannan aiki. Kotunan Nuremberg da Tokyo ba su hukunta kowa ba saboda jefa bam a kan birane daga sama, dalili kuwa a fili yake, waɗanda suka kafa kotunan su suka fi kowa yin sa. Dokar ƙasa da ƙasa da ta hana jefa makaman ƙonawa daga sama a wuraren da fararen hula suka taru ba ta samu ba sai a 1980, Amurka kuma ba ta amince da ita ba sai a 2009, shi ma da sharaɗi.

Duk da haka, ba daidai ba ne a ce mutanen wancan zamani ba su san abin da ake yi ba, ko kuwa babu wanda ya yi magana. A 1943 mawaƙi Robert Lowell ya rubuta wa Shugaba Roosevelt cewa ba zai amsa kiran shiga soja ba, ya kafa hujja da abin da aka yi wa birnin Hamburg, aka yanke masa ɗaurin shekara ɗaya da kwana ɗaya. A Birtaniya, Bishop George Bell ya tashi a Majalisar Dattawa a watan Fabrairu 1944 ya soki manufar rushe biranen Jamus. A wannan shekarar ce Vera Brittain ta fitar da ɗan littafinta kan wannan batu, George Orwell kuma ya mayar mata da martani cewa munafunci ne mutum ya yarda da yaƙi sannan ya zaɓi hanyar kisa ɗaya ya ce ita ce haram. Ke nan muhawarar ta girmi Bly da Dickey da shekaru ashirin. Abin da ya sabunta ta a 1967 shi ne nafam ɗin da aka zuba wa Japan ya sake bayyana a ƙauyukan Biyetnam, wannan karon kuma ana ganin hotunan waɗanda ya ƙona a jaridu.

3.0 Jigo da Salon Waƙar

Waƙar doguwa ce, ba ta da amsa-amo, ba ta kuma bin kari guda. Mai magana a cikinta magidanci ne ɗan Amurka, mazaunin unguwar masu hali a bayan gari, ya yi ƙiba, damuwarsa ba ta wuce biyan kuɗin gida da rage ci da gyaran ciyawar ƙofar gida ba. Yana tsaye a ɗakin ajiyar abinci sai tunani ya mayar da shi shekaru ashirin baya, daren da ya tuƙa jirgi ya saki tankunan nafam a kan Beppu, wani garin shaƙatawa mai maɓuɓɓugan ruwan zafi a tsibirin Kyushu. Waƙar tana kai da komowa tsakanin waɗannan wurare biyu, gidan yau da sararin samaniyar jiya, sau da yawa ba tare da ta sanar da mai karatu an sauya wuri ba. Dickey ya kuma riƙa barin giɓi a tsakiyar ɗango, abin da ke sa karatun ya zo guntu-guntu, kamar yadda abubuwa ke gilmawa ta gaban wanda ke tafiya da gudu cikin duhu.

Babban jigon waƙar shi ne gazawar nadama. Mai maganar ya san abin da ya yi. Ya san akwai yara a ƙarƙashinsa, ya san gidajen mutane ne irin nasa. Yana ƙoƙarin ya ɗauko wutar ya dasa ta a unguwarsa domin ya ji abin da ya kamata ya ji, amma abin ya ƙi. Abin da ƙwaƙwalwarsa ke miƙo masa shi ne hasken wata a kan ruwa, da shuɗin hasken na'urorin da ke gabansa, da sanyin mazaunin matuƙi, da yadda wutar ta yi kyau daga sama. A ƙarshe ya kwatanta wa kansa cewa ɗaya daga cikin waɗanda ya ƙona ya zo ƙofar gidansa, sai ya tarar ba zai iya ganin kowa a bakin ƙofar ba in ba maƙwabci irinsa ba. Waƙar ta tsaya a kan tambayar ko wannan hali yafiya ce ko kuwa shi ne hukuncin, ba ta amsa ba.

Akwai abubuwa biyu a cikin matanin da duk mai tarke ya wajaba ya yi la'akari da su. Na farko, Dickey ya ɗora wa waƙar mabuɗi biyu na aro a goshinta. Ɗaya daga mawaƙin Jamus Günter Eich ne, yana gargaɗi kan yadda mutane kan yi rige-rigen wanke kansu bayan kowace babbar halaka. Ɗayan kuma daga Littafin Ayuba ne na Baibul, daga wurin da Ubangiji ke tuhumar ɗan Adam kan ɗaukar kansa mai iko irin nasa. Mawaƙin da ke son a tafa wa matuƙinsa ba zai buɗe da waɗannan ba. Na biyu, a tsakiyar waƙar mai maganar da bakinsa ya ambaci sunan cutarsa: ya ce wannan janye jiki da ke sa mutum ya kalli halaka kamar mai kallon zane mugun abu ne, kuma mugun abu ne da ake girmamawa, domin yana tafe da jin iko wanda ba shi da na biyu. Ya ce ya kamata a rabu da shi, ya kuma nuna bai iya rabuwa da shi ba. A 1970, a cikin littafinsa Self-Interviews, Dickey ya bayyana cewa abin da ya so ya kama shi ne laifin da mutum ke ji saboda ya kasa jin laifi.

4.0 Tuhumar Bly

Bly bai zo wannan muhawara a matsayin ɗan kallo ba. A 1966 shi da David Ray suka kafa ƙungiyar marubutan Amurka masu adawa da yaƙin Biyetnam, suka riƙa zagaya jami'o'i suna karanta waƙoƙi. A 1968, da ya ci kyautar da Dickey ya ci, saboda diwaninsa The Light Around the Body, a wurin bikin ya miƙa kuɗin, dala 1,000, ga ƙungiyar matasa masu ƙin amsa kiran shiga soja. Dickey kuwa a lokacin da maƙalar ta fito yana riƙe da kujerar mai ba da shawara kan waƙa a Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka, muƙamin da ya riƙe daga 1966 zuwa 1968. A idon Bly, wannan ya sa shi a gindin gwamnati.

Ana iya taƙaita tuhumar kamar haka. Bly ya ce jigon diwanin gaba ɗaya shi ne iko a kan wasu da alfahari da wannan iko. Ya ce ƙuncin da waƙar ke iƙirari na baka ne kawai, domin da na gaske ne da mai karatu ya ji nadama ta kama shi yana karantawa, amma abin da yake ji shi ne daɗin kallo da zumuɗin matuƙi. Ya ce a irin wannan lokaci, waƙar da ta ƙawata ƙone mutanen Asiya darasi take bayarwa cewa abin da ake yi musu daidai ne. Daga nan ya bar waƙar ya koma kan mutumin, ya kira shi bafaden gwamnati, ya kamanta shi da Kipling, mawaƙin mulkin mallakar Ingila.

Masu kare Dickey, cikinsu har da Joyce Carol Oates, sun yi saurin nuna mabuɗan nan biyu da kuma wurin da mai maganar ya tuhumi kansa. Hujjarsu tana da ƙarfi, amma ba ta kashe maganar ba, saboda akwai wani abu na gaskiya a cikin ƙorafin Bly da ya shafi salo tsantsa. Idan aka bi waƙar aka duba inda mawaƙin ya kashe dukiyarsa ta adon harshe, za a ga kusan duk siffantawa da kamantawa da zayyana masu ratsa jiki sun tafi ne ga sama: wata, gajimare, fukafukai, launin wuta. Tuhumar kai kuwa ta zo ne da miƙaƙƙen zance, cikin 'yan ɗangwaye kaɗan, kamar bayanin malami. Mutanen Beppu ba su da suna, ba su da magana, ko kukansu ba a ji. Sanannen abu ne ga manazarta cewa abin da waƙa ta faɗa da abin da ta bari a zuciyar mai sauraro ba lallai su zama ɗaya ba, kuma idan suka saɓa, na biyun ne kan daɗe. Wanda ya rufe littafin bayan mako guda zai fi tuna kyan wutar a kan hukuncin da aka yanke mata. Wannan haɗari ne na haƙiƙa, Bly kuma ya gan shi tun kafin kowa.

Inda ya kauce shi ne maganin da ya nema. Yana son mai maganar ya yi nadama a fili, ya sa mai karatu ma ya yi. To, me irin wannan waƙa za ta haifar? Mai karatu ɗan Amurka na 1965 zai rufe ta da natsuwa, yana cewa 'ya'yanmu mutanen kirki ne, sun yi abin da aka sa su, ga shi har yau suna kuka. Hawayen matuƙin za su zama ruwan wanka ga al'ummar da ta tura shi. Wannan shi ne ainihin abin da mabuɗin Eich ke gargaɗi a kai. Waƙar Dickey ta hana mai karatu wannan sauƙi. Ta ce masa ga maƙwabcinka, mai biyan haraji, mai son 'ya'yansa, ya ƙone gari, yana barci lafiya, kuma ba shi da wata alama da za ka gane shi da ita. Ga mai adawa da yaƙin sama, da wuya a samu shaida mai amfani kamar wannan, domin ta nuna yadda aikin ke yiwuwa. An gina yaƙin sama ne a kan nisa. Mai sakin bam ba ya ganin fuska, ba ya jin ƙara, yakan koma sansani ya ci abinci mai zafi. Ƙasar da ke yaƙi ta wannan hanya ba ta buƙatar azzalumai, ma'aikata masu bin ƙa'ida sun ishe ta. Shekaru da yawa bayan haka, a fim ɗin The Fog of War na 2003, Robert McNamara, wanda ya yi wa LeMay aikin lissafi a 1945 kuma ya zama sakataren tsaro a farkon yaƙin Biyetnam, ya amsa cewa LeMay da kansa ya ce da sun sha kashi da an gurfanar da su a matsayin masu laifin yaƙi. Ya faɗi haka ne yana ɗan shekara tamanin da 'yan kai, bayan ya gama rayuwar aiki cikin girma da arziki.

5.0 Wane ne "Ni" a Cikin Waƙa?

Tushen saɓanin ta fuskar tarke shi ne Bly ya ɗauki mai magana a cikin waƙar a matsayin Dickey kansa. Wannan batu ya shafi manazarcin adabin Hausa kai tsaye. A rubutacciyar waƙar Hausa, tun daga malaman ƙarni na 19 har zuwa mawaƙan ƙarni na 20, al'ada ce mawaƙi ya rufe waƙarsa da ambaton sunansa, wani lokaci har da garinsu da ramzin shekarar da ya yi ta. "Ni" na cikin waƙar shi ne mai ita, shi zai amsa tambaya a kanta duniya da lahira. Saboda haka tarken Hausa bai cika buƙatar rarrabe mawaƙi da muryar waƙarsa ba. Amma matsalar ba baƙuwa ba ce a adabin baka. Wanda ya saurari Gambu mai waƙar ɓarayi ya san yadda fasaha kan sa mai sauraro ya ji daɗin abin da hankalinsa ke ƙyama, ya kuma san cewa tambayar ko waƙar tana zuga sata ko tana tona asirinta ba ta amsuwa da kalma ɗaya. Haka nan Nijeriya ta san yaƙin sama. Tsakanin 1967 da 1970 jiragen MiG-17 da Il-28 na gwamnatin tarayya, waɗanda matuƙa 'yan Masar suka tuƙa wasu daga ciki, sun kai hare-haren da suka faɗa kan kasuwanni da asibitoci a Gabas, jirgin B-26 na Biyafara kuma ya kai hari filin jirgin saman Kano a 1967. Waƙoƙin Hausa da suka yi fice a lokacin, irin su "Jiki Magayi" ta Aƙilu Aliyu, na ƙarfafa gwiwar soja ne. Mai tarken da zai karanta su a yau yana fuskantar jarrabawar da Bly ya fuskanta, wato ya faɗi abin da matani ya yi da abin da ya bari, ba tare da ya mayar da tarke kotun hukunta mawaƙi ba.

A game da Dickey, abin ya zo da wani ruɗani da Bly bai sani ba a 1967. Dickey ya shafe shekaru yana bari a ɗauka, wani lokaci ma yana faɗa da bakinsa, cewa shi matuƙin jirgin yaƙi ne da ya fita hari sau ɗari. Tarihin rayuwarsa da Henry Hart ya buga a 2000, bayan rasuwarsa a 1997, ya nuna cewa bai kammala horon tuƙi ba. Aikinsa a runduna ta 418 ta jiragen farautar dare shi ne lura da na'urar rada mai gano jirage cikin duhu, a cikin jirgin P-61, kuma fitarsa 38 ce. Garin Beppu ma bai sha irin ƙunar da manyan biranen Japan suka sha ba. Ashe matuƙin da ke magana a waƙar ƙagagge ne, kamar tauraron ƙagaggen labari.

Wannan bayani wuƙa ce mai baki biyu. Ya tabbatar da cewa Bly ya yi kuskure da ya karanta waƙar a matsayin iƙirarin mai ita. Amma ya kuma raunana kariyar da ake yi wa Dickey da cewa murya ce kawai ya ara, domin shi da kansa ya yi ta cin moriyar wannan kuskure. Ya hau dandamali yana karanta waƙar a matsayin jarumin da ya ga abin da idonsa, jama'a na sauraro da irin girmamawar da ake yi wa ganau. Mawaƙin da ya sa rigar tauraronsa ya shiga kasuwa da ita ba shi da bakin ƙorafi idan aka kira shi da sunan tauraron. Sai dai wannan aibin mutumin ne. Matanin yana nan yadda yake, da mabuɗansa da tuhumar kansa, ko mai shi ya yi ƙarya a wajensa ko bai yi ba.

6.0 Shaidar Howard Zinn da Ladabin Adawa

Akwai shaida guda da ta fi kowace ƙarfi a kan cewa abin da waƙar ta ruwaito gaskiya ne, ta kuma fito ne daga sansanin Bly. Masanin tarihi Howard Zinn, ɗaya daga cikin fitattun masu adawa da yaƙin Biyetnam, mai sakin bam ne a jirgin B-17 a Yaƙin Duniya na Biyu. A tsakiyar Afrilu 1945, saura makonni uku yaƙin Turai ya ƙare, yana cikin jirage fiye da 1,000 da suka zuba nafam a yankin Royan, wani garin bakin teku a Faransa inda wasu sojojin Jamus suka maƙale. Zinn ya sha faɗin cewa daga inda yake bai ga mutum ba, bai ji kuka ba, bai kuma ji komai a ransa ba. Sai bayan yaƙi, da ya karanta littafin John Hersey kan Hiroshima, ya fara tunanin abin da ke faruwa a ƙasa. Wannan shi ne halin matuƙin Dickey, ba ragi ba ƙari. Da Bly ya yi amfani da ma'auninsa a kan Zinn na 1945, da shi ma ya faɗi.

Bambancin yana ga abin da ya biyo baya. Matuƙin waƙar ya tsaya a ƙofar gidansa yana jiran nadama ta zo masa kamar baƙo, da ba ta zo ba ya ɗauki rashin zuwanta a matsayin abin nazari. Zinn bai jira ba. A 1966 ya koma Royan, ya shiga ɗakin karatun garin, ya yi magana da mazauna, ya rubuta abin da ya gano a cikin The Politics of History na 1970. A Fabrairu 1968 shi da limamin Katolika Daniel Berrigan suka je Hanoi suka karɓo matuƙan Amurka uku da aka sako, a can kuma ya ɗanɗana zaman ramin ɓuya jiragen ƙasarsa na wucewa a sama. Da a nan Bly ya kafa tuhumarsa, da ta tsaya da ƙafarta: waƙar ta ɗauka cewa sai an ji kafin a yi, ta mayar da al'amarin lamiri al'amarin motsin zuciya, alhali mutum na iya sauke hakki ko zuciyarsa ta motsa ko ba ta motsa ba. Wannan gazawa ce ta tunani a cikin waƙar, ana kuma iya nuna ta daga matanin ba tare da an zagi kowa ba.

Bly bai bi wannan hanya ba, kuma a nan batun ladabin adawa ya shigo. Babbar hujjar masu adawa da yaƙin Biyetnam ita ce gwamnati na murɗe harshe, tana kiran ƙone ƙauye da sunan kwantar da tarzoma, tana mayar da gawarwaki alƙaluma. Bly kansa ya gina wani sashe na doguwar waƙarsa ta 1970, The Teeth Mother Naked at Last, a kan ƙaryar shugabanni. Wanda jarinsa ke nan, ba shi da halin ya tsallake mabuɗan waƙa da tuhumar da ke cikinta don su dace da hukuncin da ya riga ya yanke. Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Gaggawar ceton rai hujja ce ta ɗaga murya, amma ba ta halatta shaidar zur a kan matani. Akwai kuma tambayar wa ya kamata adawa ta nufa. Da 'yar fim Jane Fonda ta zauna a kan bindigar harbo jirage a Biyetnam ta Arewa a Yuli 1972 aka ɗauke ta hoto, abin da ta je faɗa game da hare-haren ya nutse, aka bar mutane da hoton mai adawa a bakin makamin da ke harbin matuƙa, ita ma ta yi ta ba da haƙuri a kan hoton shekara da shekaru. Harin Bly ƙarami ne idan aka gwada da wannan, amma hanyarsu ɗaya: fushin da ya kamata ya tafi ga masu tsara yaƙi ya sauka a kan wanda ya fi kusa, matuƙi ko mawaƙin da ya ari bakinsa.

Saura wani abu da ke hana a rufe shari'ar da wanke Dickey. Duk kariyar da aka yi wa waƙar a sama ta dogara ne a kan cewa nisa ne ke kashe tausayi. A 1993 Dickey ya koma wa wannan dare da ƙagaggen labarinsa na ƙarshe, To the White Sea. Tauraronsa, Muldrow, maharbi ne a wutsiyar jirgin B-29, aka harbo jirginsu ya sauka da laima a Tokyo ana gobe za a ƙone birnin. Wannan karon mawaƙin ya sauko da mutuminsa ƙasa, cikin hayaƙi da gawarwaki, inda babu sauran nisa. Muldrow ya ratsa wutar ya nufi arewa, zuwa tsibirin Hokkaido, yana kashe waɗanda ya tarar a hanya, wasu da wuƙa, yana kallon fuskokinsu. Bai ji komai ba, kuma harshen labarin ya ƙawata wannan tafiya da irin kulawar da aka ƙawata wutar Beppu da ita shekaru kusan talatin kafin nan.